Gidan da Ba a Jinya

Shagon Ladan yana unguwar Mardjandafak, a wani lungu da ke ɓullewa bayan babbar kasuwa. Tun da na san shi kayan sayarwarsa ba su canza ba: darduma, carbi, turare, harami, da jakunkunan da maniyyata ke saya idan tafiya ta matso. Ya haɗa wa mutane da yawa kayan Makka, shi kuwa bai taɓa zuwa ba. Idan aka tsokane shi a kan haka, sai ya ce ai gidansu suna kan hanya tun zamanin kakansa, ba su isa ba ne kawai, kuma ba sauri suke yi ba.

Yayan matata ne. Ni mutumin Damagaram ne, koyarwa ta kawo ni N'Djamena, shi ya sa tun ranar da na je neman auren ƙanwarsa Sadiya yake kirana Mushe, yadda ake kiran malaman lakkal, wato makarantar boko, a wajenmu. Ni kuma Yaya nake ce masa. Dogo ne, marar jiki, mai saurin tafiya. Da abokan ciniki Larabcin gari yake yi, a gida kuma Hausa, irin tsohuwar nan da ta daɗe da barin inda aka haife ta.

An haife shi a gidan da yake ciki har yau, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Kakansa, Malam Waliyyullahi, ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar aikin hajji. Ya yada zango a nan, lokacin ana ce wa garin Fort-Lamy, don ya nemi guzuri. Neman guzuri ya kai shi ga aure, aure ya kawo 'ya'ya biyu, Idi da Zinariya. Da ya ga shekaru suna tafiya sai ya sake ɗaura niyya. A yadda gidan ke ba da labari, ranar da zai tashi ya yi sallama da kowa, ya sunkuya ya ɗauki kayansa ya aza a ka, ya yi taku kaɗan, ya faɗi. Kafin a kawo ruwa ya cika. Bai wuce arba'in da yawa ba. Malaman unguwa suka ce an rubuta masa ladan niyyarsa, suka ƙara da cewa Allah ya so shi da sauƙi, tunda ko yini guda bai kwanta ba.

Zinariya ta rasu tana daka, da goyo a bayanta, tana da shekara talatin. Aka ce ta bi sahun mahaifinta.

Ladan yana saurayi yaƙi ya shigo cikin gari. Suka tsallaka kogi a kwalekwale zuwa Kousseri, a ɓangaren Kamaru, kamar sauran jama'a, suka zauna can har ƙura ta lafa. Da suka dawo sun tarar da gidan a tsaye, amma an ɓalle ƙofofi an tafi da su. Mahaifinsa Idi ya samo wata ƙofar katako mai kauri, suka ɗauko ta tare, uba a gaba, ɗa a baya. A bakin zaure Idi ya faɗi. Shekararsa arba'in da bakwai. Abin da Ladan ke faɗa game da ranar kaɗan ne: ƙofar ta yi masa nauyi farat ɗaya, shi ke nan.

Daga nan ya zama babban gida. Ya yi dako, ya yi tallan turare, ya yi shekaru yana shigo da kaya daga Kousseri kafin ya kama shago. Shi ya ciyar da ƙannensa, Boubacar da Sadiya, shi ya tsaya Sadiya ta yi karatu. Ya kuma gaji wani aiki da babban namijin gidan ke yi. Duk lokacin da aka yi rasuwa a dangi, ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, babba yakan kira sunayen waɗanda suka gabata ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi yadda kowa ya tafi, sannan ya rufe da kalmomin da ba a canza su:

"Jikokin Waliyyullahi, ba ku san tabarmar jinya ba. Ba a juya ku, ba a ɗaga ku, ba a ba ku ruwa a cokali. Da ƙafarku kuke zuwa."

Mutanen unguwa sun san wannan, suna kuma girmama gidan saboda shi. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho shekara da shekaru ya san abin da ake yabawa. Na sha jin maƙwabta suna cewa Allah ya ba mu irin ƙarshen gidan Waliyyullahi. Ladan kansa, tun da ya cika arba'in, ya sayi likkafaninsa ya ajiye a shago, a ƙarƙashin tarin harami. Ba ya barin aikin yau ya kwana, ba ya kuma yi wa kowa alkawarin da zai ɗauki lokaci.

Ƙanensa Boubacar ɗan kilando ne, yana jigilar kaya a babur tsakanin unguwar Ngueli, inda gadar iyaka take, da Kousseri. Wata rana babur ya mutu masa a hawan gada, ya sauko yana tura shi da lodi a kai, ya faɗi. Shekararsa talatin da huɗu. Ya bar yarinya guda, Khairat, ba ta daɗe da fara tafiya ba. Da uwarta ta sake aure, Ladan da matarsa Hansai suka riƙe ta. 'Ya'yansu duka maza ne, ita kaɗai ce mace a gidan, Baba kuma take ce masa. Ta taso da bakin ubanta, ba a kayar da ita a magana. Da ta bar makaranta sai ta shiga sahun 'yan matan da ke tsallaka gada da ƙafa, su saro atamfa a Kousseri, su ɗauko a ka.

Yanzu sai in zo kan nawa. Ɗana na fari ne, ban saba kiran sunansa ba. Zan rubuta shi sau ɗaya: Zainulabideen. Shekararsa ashirin da biyu, yana karatun lissafi a jami'a. Ya faɗi a filin ƙwallo na unguwarmu, Atrone, da la'asar, yana cikin gudu. Kafin a kai shi asibiti ya rasu.

A shekarar da ta gabaci wannan ya taɓa suma sau ɗaya, yakan kuma ce numfashinsa na yankewa idan ya hau bene. Uwarsa ta kai shi ɗakin shan magani. Aka tambaye ta ko akwai mai ciwon zuciya a dangi, ta ce babu. Gaskiyar abin da ta sani ta faɗa: a gidansu ba wanda ya taɓa ciwon zuciya, domin ba wanda ya taɓa ciwo. Aka auna jini, aka sami zazzaɓin sauro, aka ba shi magani, ya ji sauƙi.

Ranar uku Ladan ya zo Atrone ya yi aikinsa. Ya kira Waliyyullahi, ya kira Zinariya, Idi, Boubacar, ya sa sabon suna a ƙarshe. Sannan ya juyo wajena ya ce, ko da yake yaron ɗan Damagaram ne, ya nuna jinin da ya ɗauko. Ta'aziyya yake yi mini, kuma mafi girman abin da yake da shi ya ba ni. Na karɓa.

Bayan 'yan watanni Sadiya ta fara jin ƙirjinta na bugawa ba daidai ba. Muka ɗauka baƙin ciki ne, amma muka je wajen likitar zuciya, wata mata mai ƙarancin magana. Ta sa mata na'urar da ke nuna hoton zuciya tana motsi, ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi tambaya, amma ba irin ta farko ba. Ba ta ce wa ya yi ciwon zuciya ba. Cewa ta yi, "A danginku akwai waɗanda suka mutu ba su yi ciwo ba? Suna da shekara nawa?"

Sadiya ta buɗe baki, sunayen suka fito a jere, yadda ta saba jin su tun tana ƙarama.

Bayanin likitar gajere ne. Tsokar zuciyar Sadiya ta yi kauri fiye da kima. Abu ne da ake gado: wanda yake da shi, kowane ɗa nasa yana iya ɗauka, yana iya kuɓuta, rabi da rabi. Da yawa suna tsufa da shi ba su sani ba. Wasu kuwa bugun zuciyar kan rikice musu farat ɗaya, sau da yawa a tsakiyar aikin ƙarfi. Game da yaron ta ce ba ta duba shi ba, don haka ba za ta rantse ba, amma da wuya a ce wani abu ne daban. Ba a warkar da shi, in ji ta, amma idan an sani akwai magani, akwai abin da za a kiyaye, kuma hakan yana rage haɗari ƙwarai. Ta ce tana son ganin 'ya'yanmu, da 'yan'uwan Sadiya, da 'ya'yan waɗanda suka rasu. Aka duba 'yan matanmu biyu, ba a ga komai ba, aka ce a riƙa maimaitawa lokaci lokaci. Saura gidan Mardjandafak.

Na je shago da hantsi. Yana ninke darduma.

"Mushe! Yau ba lakkal, ko an kore ka?"

"Wajenka na zo, Yaya."

Ya aika aka kawo shayi. Na faɗa masa duk abin da likitar ta ce, ban ƙara ba, ban rage ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya juye sauran shayinsa a ƙasa.

"Wato dai kakana majinyaci ne."

"Ba haka ta ce ba."

"To me ta ce? Mutumin da ya tako daga Haɗeja da ƙafarsa! Ita ko kasuwar Dembe ba ta zuwa sai a mota, ita ce za ta ce zuciyarsa ba ta da kyau? Ta gan shi ne?"

"Ta ga jikarsa."

"Sadiya kuka ne ya dame ta. Ajali kuma na Allah ne, ko an cire wannan daga littattafanku?"

"Ban zo jayayya a kan ajali ba, Yaya. Saboda Khairat na zo. Mahaifinta ya rasu yana da talatin da huɗu."

"Khairat ta fi ka lafiya. Kullum sai ta haye gada da kaya a ka, kai kuwa alli kawai kake ɗauka kana nishi."

"Kayan nan da take ɗauka su suka kawo ni."

Wani ya zo sayen carbi, ya sallame shi, ya dawo ya zauna. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Ka san abin da kake nema? Yau ana cewa gidan Waliyyullahi gidan albarka. Gobe a ce gidan cuta. Yarinyar nan tana da manema. Marainiya ce, abin da ubanta ya bar mata sunan gidan nan ne kawai. Shi kake so in kai wa mai na'ura ta goge?" Ya dafa gwiwata. "Mushe, ɗanka ya rasu, zuciyarka tana neman wanda za ta kama. Kada ta kama matattuna."

Na yi masa sallama na tafi. Bayan wannan zumunci bai yanke ba, amma maganar ba ta sake shiga tsakaninmu ba. Sadiya ta gwada tata sa'ar, ya tuna mata wa ya goya ta. Ta ja Khairat gefe, yarinyar ta saurara da kyau, ta ce, "Gwaggo, na ji, kuma ba ƙi na yi ba. Amma in saci jiki in je abin da Baba ya hana, sannan in dawo in ci tuwonsa? Ki shawo kansa, ni ko yau a shirye nake." Haka aka ci gaba. Sadiya tana shan maganinta, Khairat tana tsallaka gada.

Da bazara ta yi tsanani, irin lokacin da ƙarfen gada ke ƙona hannu, Khairat ta faɗi a tsakiyar gada da ɗaurin atamfa a kanta. Ƙawayenta suka yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo, aka sa ta a kilando zuwa gida. Kowa ya ce rana ce. Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, Hansai ce ta ba mu labari.

Matan unguwa sun shigo yin sannu. Khairat tana kishingiɗe a tabarma a tsakar gida, Ladan yana gefe yana alwalar la'asar. Cikin matan akwai Hajiya Mariama, tsohuwar maƙwabciya da ta halarci kowace sadakar uku ta gidan tun daga ta Idi. Ta zauna kusa da yarinyar tana shafa kanta.

"Allah sarki, 'yar Boubacar. A gadar ma? Ai wurin ubanki ne. Ku dai gidan nan Allah ya so ku. Ba a juya ku, ba a ɗaga ku, ba a ba ku ruwa a cokali. Kin gaji abu mai kyau, yarinya."

Khairat ta ɗaga kofin da ke hannunta. "Hajiya, ni dai ga shi a kofi ake ba ni. Ban san ko na cika sharaɗi ba."

Mata suka yi dariya. Ladan ya ajiye buta, ƙafa ɗaya a wanke, ɗaya ba a wanke ba.

"Hajiya, wannan magana ta matattu ce. Ba a faɗa wa mai rai."

Tsohuwar ta dube shi da mamaki. "Ikon Allah. To ni ai a bakinka na ji ta, Ladan."

Hansai ta ce sai ya ɗauki butarsa. Ya sake alwalar daga farko, ya fita masallaci, da ya dawo bai ci abinci ba.

Washegari da safe sai ga shi a ƙofar gidanmu. Ba ya son zuwa Atrone, yakan ce wanda ya gina gida a nan ya bar N'Djamena bai yi sallama ba. Ya ƙi shiga ɗaki, ya zauna a benci a waje.

"Mushe, matar nan taka mai na'ura, tana nan?"

"Tana nan."

"Ban ce kana da gaskiya ba."

"Na ji, Yaya."

"Da 'yar cikina ce, da na bar wa Allah, ba wanda zai tambaye ni. Amma ta Boubacar ce. Ajiya ce aka ba ni. Mai shago ya san ba a wasa da kayan ajiya." Ya karkaɗe rigarsa. "Sharaɗi ɗaya. Ni za a fara dubawa. Idan ayari ya zo mashigi, babba ne ke fara sa ƙafa a ruwa. Haka kakanmu ya taho, haka muka tsallaka lokacin yaƙi."

Ranar da aka ba mu muka je mu huɗu. Ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Likitar ta ce ya ba ta labarin danginsa. Ya gyara zama, ya fara da murya irin ta ranar sadaka: Waliyyullahi ɗan Haɗeja, mai niyyar ɗakin Allah. Ta ɗaga hannu.

"Shekararsa nawa? Me yake yi lokacin?"

Ba a taɓa katse shi a wannan wuri ba. Ya dube ni, sannan ya amsa. Ya ɗauki kaya ne. Zinariya fa? Daka take yi. Idi? Ƙofa. Boubacar? Babur da lodi, a hawa. Na ƙarshen Sadiya ce ta amsa, ta ce gudu yake yi.

"Kin gani," in ji Ladan, "ba rago ko ɗaya. Kowa a bakin aikinsa aka same shi." Ya faɗi haka da ƙarfi. Likitar ta ci gaba da rubutu. Bayan ɗan lokaci ya sake faɗa, wannan karon a hankali, kamar mai lissafi: "Kowa a bakin aiki."

Bai kai ga rufewar ba. Ba ta tambaya ba, shi ma bai kawo ta ba.

Aka kwantar da shi, aka shafa masa wani mai a ƙirji, ya ce sanyinsa ya fi na randa. Da aka gama likitar ta ce zuciyarsa irin ta mai shekarunsa ce. Jininsa ya ɗan hau, ya rage gishiri, ya riƙa zuwa awo. Kaurin nan kuwa ba ta gan shi ba.

"Ba ni da shi?"

"Ban gani ba. A shekarunka, da yana nan, da wuya ya ɓuya."

Ya zauna a bakin gado yana ɓalla maɓallan taguwarsa, ya sa ɗaya a ramin da ba nasa ba. "Shekara ashirin ina jira a kira ni," in ji shi. "Ashe ni ba a ma gayyace ni ba."

Sannan aka shiga da Khairat, Sadiya ta raka ta. Mu biyu muka zauna a baranda. Ya fito da carbi amma bai ja ba. Da aka kira mu, likitar ta juyo da hoton ta nuna mana wurin da yatsa. Yana nan, kuma ya fi na Sadiya kauri.

Ta yi wa Khairat magana kai tsaye. Za ta riƙa shan ƙwaya kullum. Ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba gudu, ba tsallaka gada a tsakar rana. Ta yawaita shan ruwa, kafin azumi kuma ta zo su yi shawara. Idan ta yi aure, kafin ciki ta zo. Suman da ta yi ba abin rainawa ba ne, saboda haka za a ƙara wasu gwaje-gwaje, a ga ko tana buƙatar wata 'yar na'ura da ake sawa a ƙarƙashin fata, wadda samunta ba sauƙi. Khairat ta yi tambayoyi masu ma'ana, ba ta yi kuka ba sai a mota. Ladan tambaya ɗaya ya yi.

"Za ta tsufa?"

"Ba ni da alkawari," in ji likitar. "Amma yau ta fi jiya dama."

Abin da ya ji tsoro ya faru, ko da yake bai kai yadda ya zata ba. Shi da kansa ya je gidan saurayin da maganarsa ta fi ƙarfi ya faɗa musu, domin a cewarsa ba ya sayar da kaya ya ɓoye aibi, balle mutum. Suka yi godiya, suka ce za su yi shawara, ba su dawo ba. Hansai ta yi kwana da kwanaki tana faɗa. Khairat ta ce, "Inna, ki bar shi. Dama an hana ni ɗaukar kaya mai nauyi." A unguwa wasu sun yi magana, wasu kuma sun zo a ɓoye suna tambayar inda likitar take.

Tun daga lokacin an yi rasuwa ɗaya a dangi, wani tsoho daga ɓangaren mata, wanda ya sha doguwar jinya. Na je sadakar uku. Ladan ya kira sunayen kamar kullum, ya faɗi yadda kowa ya tafi, amma ya ƙara shekarun kowa, abin da a da ba ya yi. Da ya zo wurin rufewa jama'a suka saurara. Ya yi wa matattu addu'a, sannan ya ce jikokin Zinariya su same shi a shago, yana da magana da su. Hajiya Mariama ta ce wa ta kusa da ita tsufa ya fara kama Ladan, ya manta ƙarshen. Cikin jikokin Zinariya wasu sun je an duba su, wasu sun ƙi. Bai taɓa ce mini ya canza ra'ayi game da kakansa ba, ni kuma ban tambaye shi ba.

Yanzu Khairat ce ke zama a shago. Ta ware gefe guda ta jera atamfofinta, ciniki kuma ya ƙaru, domin matan maniyyata sun fi sakewa da ita. Ranar da take gyara kayan shagon ta ci karo da likkafanin a ƙarƙashin harami, ta tambaye shi nawa za ta sa masa kuɗi. Ya ce ta mayar inda ta gan shi. Ta mayar, amma ta ɗora jakunkuna a kai.

Sarin kaya kuwa shi yake zuwa. Da sanyin safiya yake tsallaka gadar Ngueli, tsoho guda a cikin ayarin 'yan mata, ya dawo da ɗauri a ka. 'Yan kilando suna yi masa tayi, yana cewa jikan wanda ya tako daga Haɗeja ba ya hawa babur saboda gada ɗaya. Kwanan baya na biya shagon na tarar ya sauke kaya, Khairat tana kwancewa.

"Baba, shuɗi na ce maka, mai ganye. Wannan ai kore ne."

"Shuɗi ne. Mushe, kai da ka yi jami'a, wannan ba shuɗi ba ne?"

Na ce kore ne.

"Kun haɗa kai," in ji shi. Ya zauna yana fifita da hularsa, ya tambaye ta ko ta sha maganinta, ta ce ta sha. Ya ja atamfar ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ninke ta.

"To, ajiye ta gefe. Gobe sai in koma."